Sadakar Azumi

Ranar Talata ce, ba Juma'a ba, amma da na sauka daga trotro, motar haya, a Sofoline cikin Kumasi sai na tarar da layi har bakin titi. Ƙanwata Azumi na tsaye kan tukunyar waakye, shinkafa da waken da take sayarwa, tana zuba wa kowa kyauta, har da ƙwai da ganda. Tana dariya, tana waƙa, tana zuba magana kamar an kunna rediyo.

Seini dillalin shanu ya tare ni, baki duk maiƙo. "Hajiya Rahma, ƙanwanki ya samu lada paa! Tun jiya yana ba mu."

Saura kaɗan in kwaɗa masa jakar hannuna. Haka mutanenmu suke, in dai sadaka ce ba mai tambayar lafiyar mai bayarwa. Ni kuwa na san wannan sadakar tun Azumi na makarantar allo. Sai ta rabar da kayanta kaf, ta yi kwanaki ba barci tana cewa za ta ciyar da Kumasi duka. Daga nan ta faɗi warwas, ta yi wata a ɗaka fuskarta na kallon bango, ko ruwa sai an ɗura mata. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an ce iska ce. Sai da ta yi aure, ta haihu, auren ya mutu, sannan likita ya ce ciwo ne da ake kira baifola, ya ɗora ta kan magani.

Tsorona duka a kan 'yarta Huda yake. Bara dangin uban suka dawo mata da yarinyar daga unguwarsu Krofrom, bisa sharaɗin in ciwon ya sake tashi za su ɗauke ta, kuma ba dawowa.

Na ja Azumi bayan rumfa. "Kin bar shan maganin ne?"

"Ina sha, Yaya, wallahi ina sha. Wannan karon ya fi ƙarfin maganin. Amma ki ji daɗin da nake ji! Gobe zan yanka sa, zan buɗe rumfa a Kwadaso, zan..."

"Rufe tukunyar mu tafi gida. Zan ce maleriya ce. Ki zauna a ɗakina mu ja ƙofa, ba wanda zai ji a Krofrom."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tsaya cak. Na ga tana kokawa da bakinta don ya bi a hankali, kuma tausayinta ya kusa kayar da ni.

"Yaya, da Baba ke kulle ni muna yara, wa ke zama bakin ƙofa yana jin ihuna?"

"Ni ce."

"To yanzu Huda ce za ta zauna."

A waje mutane na buga kwano suna sa mata albarka.

Ta miƙo mini ludayin. "Kai ni asibiti yanzu, tun ina iya cewa a kai ni. In an tashi makaranta ki kai Huda wajen kakarta a Krofrom da kanki. Ki faɗa musu gaskiya."

"Ba za su dawo miki da ita ba, Azumi."

"Na sani." Ta goge fuska da bakin mayafi. "Ki ce musu ba ta cin kuɓewa. Kunya take ji, ba za ta faɗa ba."