Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na bar makaranta, kuma ba na son a san da ni. Salomi ce ta matsa mini.

Sunana Rashida, ni ce 'yar fari a gidanmu a unguwar Mafoni. Saboda kunyar 'yar fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido. "Ke" take cewa. Don haka duk lokacin da aka wuce ni a tsakar gida kamar ba na wurin, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Shekara ɗaya bayan samun 'yancin kai, ina da shekara goma sha biyar, wasu mata uku daga unguwar Fezzan suka zo yi wa Inna barka da haihuwa. Na kawo musu ruwa. Babbarsu, Ya Kaltum, ta kama hannuna.

"Wannan ce ta farin? Kai, dubi wuya! Ina kika ɓoye ta?"

Kunya ta rufe ni. Sai na ga Ya Kaltum ta saki salati, tana duba tafin hannunta.

"Ina yarinyar? Yanzu fa nake riƙe da ita!"

Na ce, "Ga ni." Ba wadda ta juyo. Na ɗaga murya, na taɓa kafaɗar Inna. Ko motsi ba ta yi ba. Suka shiga ɗakuna suna ɗaga tabarmi, har cikin randa aka leƙa, ni kuwa ina tsaye a gabansu.

Salomi ta shigo da gudu. 'Yar maƙwabtanmu ce, mutanen Biu, sa'ata. Kai tsaye ta nufo inda nake.

"Tana nan, gindin turmi."

"Ke 'yar nan, kina ganinta?" in ji Ya Kaltum.

"Ba na gani. Zuciyarta nake ji. Tun ina ƙarama nake jin bugun zuciyar kowa, har ta bayan katanga. Taki ma, Iya, kamar ana sussuka."

Matan suka ja da baya. Ni ma ban taɓa sanin haka game da ita ba.

"Ba yau ta fara ba," in ji Salomi. "In kunya ta kama ta sai ta ɓace, in na kira ta sai ta dawo. Ita ma ba ta sani ba. Rashida! Rashida!"

Ba abin da ya faru. Na duba hannuwana, ni kaina na fara hango ƙasa ta cikinsu.

Salomi ta kasa kunne, fuskarta ta canza. "Bugun yana nisa. Inna, ki kira ta."

Inna ta sunkuyar da kai. "Ke, fito mana."

"Ba 'ke' ba! Sunanta!"

"A gaban mutane?" Inna ta faɗa a hankali.

"Wa ya fi ki sanin sunan? Wallahi na kusa daina jin ta!"

Inna ta miƙa wa Ya Kaltum jaririn. Leɓɓanta suka motsa, ba sauti. Tsakar gidan ta fara yi mini duhu da rana tsaka. Sai na ji wata murya da ban san Inna tana da ita ba.

"Rashida! Rashidatu!"

Na faɗi a kan gwiwoyina, kwanon ruwan ya kife. Ɗaya daga cikin baƙin ta fita ba takalmi. Inna ta riƙe fuskata da hannu biyu tana dubana, ta daɗe, kamar mai ƙirga abin da ya rage.

Ba wanda ya ci abincin kirki a gidan ranar.

Washegari da safe na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango. Ban tashi ba, ban kuma sunkuyar da kai ba, sai da ta juyo ta dube ni. Sannan na ɗauki tsintsiya.