Marar Madubi

Tun da Yaya Amiru ya ajiye kyamarorin nan biyu a kan tabarma na lura hannunsa bai bar kan babbar ba.

A gidan Gwaggo Umma ne, a Kura, inda mata ke haɗuwa suna turara shinkafa. Gwaggo yayar babana ce, kuma ita ce shugabar ƙungiyar matan. Masu saye daga Kano da kudu yanzu sai sun ga hoto a waya kafin su turo mota, mu kuma in mun ɗauka da wayoyinmu sai shinkafar ta fito kamar an wanke ta da ruwan kanal. Shi ne matan suka yanke a sayi kyamara. Ni da na gama sakandare nake zaune, aka ce ni zan riƙe. Ban taɓa son wani aiki kamar wannan ba, don a tunanina ba ya buƙatar magana.

Yaya Amiru ɗan Baffa Hammadu ne, hoton biki yake yi a Kumbotso. Shi aka ba sautu, ya kawo biyu a zaɓa.

"Wannan ƙaramar ita ce ta Mubina," in ji shi, ya miƙo min wata 'yar siririya kamar sabulun wanka. "Ba canjin ido, ba komai. Ki danna kawai. Ke da kunya ta yi miki yawa, ki sa ta cikin hijabi, ba wanda zai san kina ɗauka."

"Waccan fa da ka danne kamar za ta tashi sama?" Gwaggo ta tambaya.

"Wannan wahala ce, Gwaggo. Nauyi, ga idon nan da ake cirewa, ƙura ta shiga an gama. Miralas ake ce mata. Wato ba ta da madubi."

Gwaggo ta janye ƙafarta daga kusa da ita. "Ba ta da madubi? To da me take gani?"

"Haka ake ƙera su yanzu."

"Haka ake ƙera su, ko haka aka kawo maka ita?"

Ya yi dariya, bai ƙara bayani ba. Yaya Amiru kuwa in ya fara bayanin na'ura sai an kira salla. Na ɗago kai na dube shi. A gefen gilashin bayan babbar, inda hoto ke fitowa, akwai baƙin salatif an liƙa, sabo fil, ko ƙura bai ɗauka ba. Da ya ga ina kallo sai ya ce gilashin ne ya yi sako-sako, kar in taɓa.

Gwaggo ta ce ba ta sayen abin da bai kwana a gidanta ba, ya bar su duka biyu zuwa Juma'a. Bai so ba. A zaure na ji shi a waya yana cewa, "Tana nan, kar ka damu, kafin Asabar za ta dawo hannuna." Ban san wace ce za ta dawo ba, amma ban ji kamar mace yake nufi ba.

Washegari na fita da ƙaramar. Gaskiya ta yi min daɗi. Tana kwance a tafin hannuna cikin hijabi, in leƙo da idonta, in danna, ba ƙara, ba haske. Na ɗauki shanshera a jiƙe cikin duro, na ɗauki tururi yana tashi ta bakin buhun da aka rufe duron da shi, na ɗauki wadda aka baza a tamfol tana shan rana. Shinkafar ta fito fara, ba laifi, duk da in na matso da ita sosai ƙwayoyin sukan haɗe. Ba wanda ya ce min komai, ni ma ban ce wa kowa komai ba.

Tsakar gidan Gwaggo ba namijin da ke shiga in ana aiki. Zafin wuta ne da na rana, kowa daga ɗaurin ƙirji sai shimi, kai ba kallabi, ana hira ana shewa. Ina tsugune ina ɗaukar tamfol sai na ji ido a kaina. Anti Naomi ce, wata mata daga wajen Bunkure da ta fi kowa iya gane shinkafa ta turaru. Ba fuskata take kallo ba. Hijabina take kallo, daidai inda hannuna yake.

"'Yar Gwaggo, me ke motsi a nan ciki? Ɗan tsako kika samu?"

Aka yi dariya. Na so in fito da ita in nuna, sai kunya ta hana ni. Na yi murmushi na matsa gaba. Dariyar ba ta daɗe ba.

Da na shigo washegari sai na tsaya a bakin ƙofa. Mata na juya shinkafa a gaban wuta da hijabai har ƙasa, gumi ya jiƙa bayansu. Anti Naomi da ba ta sa hijabi ta yafa zani biyu. Na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Duk inda na bi sai a juya min baya. Yusra, wadda muka yi aji ɗaya da ita, ta janye 'yarta daga gabana.

Na san abin da suke tunawa. Bara an ɗauki wata mata tana wanki a bakin kanal ba ta sani ba, hoton ya zaga wayoyin samari har Madobi, har yau ba ta ƙara fitowa aiki ba, kuma ba a san wanda ya ɗauka ba.

Gwaggo ta kira ni ɗakinta ta saki labule.

"Mijin Yusra ya ce in ya ji hotonta a wani wuri ta gama zuwa gidan nan. Maza uku sun aiko da irin wannan."

"Gwaggo, shinkafa kawai na ɗauka. Ga shi ki duba."

"Na yarda. In na duba ni kaɗai na gani. Su za su ce kin goge ne, ko kin riga kin tura wa Amiru." Ta rage murya. "Shi ma me ya sa ya ce ki ɓoye a hijabi? Wa ya koya masa?"

Na ajiye ƙaramar a kan tabarma.

"Gobe in ya zo ya kwashe kayansa duka. Ɗaya mai laɓe, ɗaya makauniya. Ke kuma ki koma tsintar tsakuwa, ya fi min a ce matan nan sun watse."

Bayan azahar na zauna a ɗakin Gwaggo ina mayar da su cikin jaka. Babbar ko kunna ta ban yi ba. Na ɗauke ta, da nauyi kam, ba hijabin da zai ɓoye ta. Sai salatif ɗin nan ya sake tsaya min a rai. Na girgiza ta a hankali kusa da kunnena. Ba abin da ya yi sako-sako. Na sa farce na ɓare.

Gilashin bai faɗo ba. Buɗewa ya yi gefe kamar ƙyauren taga, da na taɓa shi kuma ya juya gaba ɗaya ya kalli inda idon ke kallo. Na kunna. Sai ga fuskata, da ƙurjin da ke haɓata, da bakina a buɗe.

Fita da ita na nufin in rataya ta a wuya a gaban kowa, in buɗe baki. Amma jakar tana gabana a buɗe, gobe kuma Juma'a.

Na fita tsakar gida. Hira ta tsaya.

"Anti Naomi," na ce, "zo ki ga wani abu."

"Ni? Ki fara da gwaggonki."

"Ba zan danna ba. Ga hannuna."

Ta matso a karkace, ludayin juyi a hannunta kamar za ta kare kanta. Ta leƙa. Ta ja baya, ta sake leƙawa, ta shafa goshinta.

"Yesu! Haka nake yawo da toka a fuska ba wanda ya gaya min? Yusra, ke ba ƙawar arziki ba ce."

Nan aka taso. Kowa na ture kowa, wannan na gyara kallabi, waccan na duba haƙori. Na ce musu abin da suka gani a gilashin shi kaɗai zai shiga, kuma in na danna za su ji. Na juya kan tamfol na danna. Ta yi ƙaras, har kajin Gwaggo suka ɗago kai. Ƙwayoyin shinkafar suka fito ɗaya-ɗaya, kana iya ƙirga su.

"Wannan ba ta iya munafunci ba," in ji Yusra. Ta cire hijabinta ta rataye a igiya, ta nuna ni da yatsa. "Amma in za ki juyo nan ki yi magana tukuna. Da ƙarfi, ba irin taki ba."

Gwaggo ce ta zo ƙarshe. Ta kalli kanta ta daɗe, fuska a ɗaure.

"Ga madubi ƙato," ta ce. "Yaron nan."

Ranar Juma'a Yaya Amiru ya zo da sauri, ko injin babur bai kashe ba. Ya same mu a zaure, babbar a wuyana. Idonsa ya tafi kai tsaye inda salatif ɗin yake a da.

"Ka ce ba ta da madubi," in ji Gwaggo.

"Wallahi ba ta da shi, Gwaggo. Wani madubi ne na ciki ake nufi, wanda tsofaffin ke da shi, yana ɗagawa in an..."

"Na ciki. Wanda ba mai gani."

"Ki tambayi kowa!"

Wataƙila gaskiya yake faɗa game da na cikin. Ni dai ban ji ya ce komai game da salatif ba, kuma wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu bai ɗauka ba. Gwaggo ta tura masa ƙaramar da jakarta, ta ce ya kai ta bikin da zai ɗauki hoto ranar Asabar, tun da ita ce mai sauƙi.

Ya juyo gare ni. "Mubina, za ki iya da wannan kuwa? Kowa fa zai riƙa kallonki."

Na buɗe gilashin na juya shi ya fuskance shi.

"Yaya," na ce, da ƙarfi, "gyara fuskarka. Zan ɗauka."