Koren da Na Jefa a Shara

Ina da wani ɗan hali: in na iya sabon abu, sai kowa ya ji. Shekara goma sha tara ina gwajin ruwa a matatar gari da tsohuwar na'ura, wadda ke cin minti arba'in kafin ta ware gubar gansakuka daga sauran tarkacen ruwa. A zaman jiran nan na yi tumbi. Da aka kawo sabuwa mai guntun bututu, mai gamawa cikin minti huɗu, har matata sai da ta haddace lambarta.

Ranar Alhamis aka wayi gari dam ya yi kore shar da gansakuka. Manaja ya bugo waya.

"Malam, a rufe famfo ko a bari? Ina son amsa kafin sha biyu."

"Kafin shayinka ya huce, ranka ya daɗe."

Na tace ruwan, na jefa takardar tacewa da korenta a kwandon shara, na ɗura wa na'ura tatacce. Layi ya miƙe a allo, babu tsini ko ɗaya mai nuna guba. Na ce a ci gaba da ba gari ruwa.

Abokiyar aikina, da muke kira Uwar Firiza saboda makullin yana hannunta, ta leƙa kwandon.

"Yaya, wannan fa?"

"Datti ne."

"Ai gubar tana cikin dattin. Sai an daskarar da shi an narkar har sau uku, ƙwayoyin gansakukar su fashe su sake ta. Kai ka koya mini, lokacin kana da gashi."

Sauri ya haifi nawa. Daskarewar nan sai gobe, Manaja kuma ya shiga taro ya kashe waya. Na hau babur na nufi dam, ina tuna kowane gida da na ba izinin shan guba, har da nawa. Na iso ɗakin famfo ina haki, takalmi ɗaya ya tsinke.

"A rufe yanzu," na ce wa bakaniken da ke gadin injin.

Ya dube ni, ya dubi takalmin, ya turo mini benci.

"Zauna tukuna, Malam. Ba a gaya muku ba a ofis?"

Injin da ke jawo ruwan dam ya ƙone tun ranar Talata. Ruwan rijiyoyin burtsatse gari yake sha.