Muryar Hosea

Ketura ta hango motar ofishin diyya ta tsaya a bakin lungu daidai lokacin da matan zumunta suka fara buga tulu a cocin da ke bayan gidanta. Ta yar da tsintsiya ta faɗa ɗaki, ta shiga rufe tagogi, a wannan zafi na unguwar Demsawo da ko kaza ba ta yarda ta zauna a ɗaki ba.

Mijinta Hosea na zaune a kujerarsa yana bin ta da ido. A da, kaf Jimeta babu wanda bai san muryarsa ba. Shi ne mai tallan sabulu a motar wani kamfani, lasifika a hannu, yana zuba Hausa da Fillanci har mata su sayi abin da ba shi ya fito da su ba. Yana bakin wannan aikin bom ya tashi kusa da kasuwa, a shekarun nan da ba a son tunawa. Ya farfaɗo a asibiti hannu da ƙafa lafiya lau, amma magana ta tafi. Ko ruwa yake so sai dai ya nuna randa.

Diyyar da ake ba shi duk wata ita ce abincin gidan, ita ce maganinsa. An kuwa gaya wa Ketura tun farko cewa kuɗin na nan muddin muryar ba ta dawo ba. Ran da ta dawo, shi ke nan, sai ya nemi aiki.

Sai ga wani ikon Allah da daminar bana. Mutumin da ba ya iya cewa sannu, da ya ji kiɗan coci sai ya buɗe baki ya rera baiti sukutum, babu tuntuɓe. Kiɗa na tsayawa bakin ya sake kullewa. Ketura ta yi kukan murna, daga baya tsoro ya rufe ta. Wane ofis ne zai yarda mai waƙa ba ya magana? Tun daga nan ta hana shi zuwa coci, abin kuwa yana cin ranta ba kaɗan ba.

Wata matashiya ta yi sallama ta shigo tana fifita da bakin gyalenta.

"Sannu da gida, Mama. Surayya ce daga ofis, na zo dubiyar shekara. Kai! Ku ba kwa jin zafi ne?"

"Sauro ne, 'yata."

"Da tsakar rana?" Surayya ta yi dariya, ta ja kujera kusa da Hosea. "Baba, yaya sunanka?"

Leɓunansa suka yi ta rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, ko harafi bai fito ba. Ta tambaye shi abin da ya ci da safe, nan ma haka. Tausayi ya kama ta, ta ce ya isa, ta fara laluben jakarta. Ketura ta sauke ajiyar zuciya.

A nan ne matan suka ɗauki amshi gaba ɗaya, sautin tulun ya keto bango. Ƙafar Hosea ta fara dukan ƙasa. Ketura ta dafa kafaɗarsa ta matse.

"Baban Debbie, ka yi wa Allah," ta ce wa mijin a hankali.

Ina! Muryar ta riga ta taso. Ta fito daga can ƙasan ƙirji, mai kauri, tas da ita kamar ba ta taɓa kwanciya ba, ta cika ɗakin har kwanukan kan kabad suna amsawa. Kowace kalma ta zauna a gurbinta. Surayya ba addininta ba ne, ba ta ma san waƙar ba, amma tsikar jikinta ta tashi. Jakar ta zame daga cinyarta ba ta sani ba.

"Subhanallahi," kawai take maimaitawa.

Ketura ta kai hannu za ta toshe masa baki. Ya riƙe wuyan hannun, ya dube ta ido cikin ido. Sai ya saki kalmomin waƙar, ya riƙe karinta kaɗai, ya ɗora nasa a kai.

"Ketura, Ketura, sannu da wahala."

Rabon da ta ji sunanta a bakinsa tun safiyar da ya fita tallan nan. Ashe duk shekarun nan yana ciki, yana gani, yana sane da komai, ita kuma tana rufe masa hanya guda da ta rage. Kunya da murna suka haɗu suka rufe ta.

Surayya ta share ido da gyalenta.

"Mama, ki gafarce ni, dole in rubuta abin da na ji. Likita ne zai yanke hukunci, ba ni ba. Ban san abin da zai ce ba."

"Rubuta, 'yata," in ji Ketura, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ta durƙusa gaban kujerar, ta kama hannuwansa duka biyu.

"Baban Debbie, yi sauri ka sake faɗa, kafin su daina kiɗan."