Sunan da Inna Kulsumu Ta Kasa Faɗa

Shekara biyu da kafa Shari'a a Zamfara, sankira ya zaga Dauran yana shela cewa gwamnati ta kawo inshorar lafiya. Ba wanda ya san mece ce, sai da Malam Jibrin mai rajista ya zo da littafinsa ya yi bayani a ƙofar gidan mai unguwa. Kati iri biyu ne, in ji shi: kore na tsofaffi, ruwan ɗorawa na naƙasassu. Mai kati in ya je asibiti za a duba shi a ba shi magani, amma kowa da nasa, kati ba ya aro.

Inna Kulsumu ta kasa kunne sosai, ba don kanta ba. Ita ƙalau take, har gobe tana surfe. Ɗanta Muhtari ne abin ji. Ɗan dako ne a da, motar gyaɗa ta kife da su a hanyar kasuwar Shinkafi, tun daga ranar ƙafafunsa ba su sake motsi ba. Shekara shida yana kwance, bayansa ya yi gyambo, matarsa ma ta gaji ta tafi. To amma Muhtari ɗan fari ne, kuma kun san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Shekara arba'in Kulsumu ba ta taɓa kama sunansa ba. Tuwo ma sai dai ta ajiye ta ce wa bango, “Ga abinci nan.”

Ran rajista aka yi layi biyu, maza ta gabas, mata ta bayan zana. Da aka zo kanta, Malam Jibrin ya rubuta sunanta, ta dangwala yatsa.

“Inna, akwai naƙasasshe a gidanki?”

Ta sunkuyar da kai. Mata sun fi talatin a bayanta, cikinsu har da dangin marigayi mijinta.

“Akwai… wancan,” ta ce, can ƙasa-ƙasa.

“Wancan wa? Mi as sunan shi?”

Bakinta ya yi nauyi. Mata suka kwashe da dariya, irin ta yabo. Gimbiya maƙwabciyarta ta ce, “Kai, Kulsumu akwai kunya! Ko yanka ta za a yi ba ta faɗi.” Gimbiya ta buɗe baki za ta faɗi sunan a madadinta, sai rigima ta kaure a layin maza, malamin ya tashi ya tafi rabo. Da ya dawo, ta gaba ya kira.

Kulsumu ta koma gida tana cewa ai maza za su rubuta shi. Su kuwa maza sun ɗauka uwarsa ta gama da wannan.

Bayan wata biyu katuna suka iso. Nata kore shar, da sunanta. Na ɗorawa babu.

Damina ta sauka, gyambon ya fara wari. Sai ta yi dabara irin tata. Ta ɗaure katinta a bakin zane, ta tsaya bakin hanya tun hantsi, don a lokacin an hana 'yan kabu-kabu masu babur ɗaukar mata, sai wajen azahar ta samu mota mai kujerar mata. A asibiti ta zauna gaban wata nas ta ce bayanta ke ciwo, yana ruwa, ga zazzaɓi.

“Juya in gani, Inna.”

“Ɗiyata, ba ni maganin dai.”

Nas ta ɗaga mata riga. Baya sumul, ko ƙurji babu.

“Inna, na wa kika zo amsa?”

Kulsumu ta sauke rigarta. Nas ɗin ba muguwa ba ce, ta nuna mata wani ɗaki ta ce mai rajista yana ciki, ta gwada.

Malam Jibrin ne, yana cin dafaffiyar gyaɗa a kan littafin. Babu mata a bayanta yau, babu dangin miji. Duk da haka sai da ta waiga ƙofa kafin ta buɗe baki.

“Muhtari,” ta ce. Muryarta ta fito kamar ta wata. “Muhtari na Dauran. Ɗana ne. Ni na haife shi.”

Bai ko ɗago kai ba.

“An rufe rajista tun watan jiya, Inna. Sai in an sake buɗewa.”

“Yaushe?”

“Allah masani. Da kin faɗa ran nan, ai da an wuce wurin.”

Ta isa gida da la'asar sakaliya. Gimbiya ta leƙo ta katanga tana tsokanarta, “Uwar kunya, an dawo?” Kulsumu ta wuce ciki. Daga ɗaki Muhtari ya ce, “Inna, an samu?”

Ta kwance koren katin ta saka shi cikin kwalla, inda take ajiyar abin da ba ta da amfani da shi. Ta ɗora ruwan gishiri a wuta kamar kullum, ta yage tsohon zane. Sunan yana nan a bakinta, ta riga ta ɓarar da shi a gaban wanda bai ko dube ta ba.

Ta shiga ɗakinsa da ƙwaryar ruwan, ta fuskanci bango.

“A juya,” ta ce, “a wanke.”