Duwatsun Tekun Malam Almustapha

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Malam Almustapha, bakinsa bai sake furta kalmar da za a gane ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana koyar da ilimin halittu a Malumfashi, ana jin muryarsa har bakin titi, yau ga shi sai gurnani da dalalar yawu. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama ta bi shi. Hannun hagu kawai ya rage masa, sai idanu.

'Yarsa Kausar ce ke jinyarsa, ita kaɗai kuma ta san cewa hankalinsa na nan daram. Shaidarta tana cikin wata jakar fata da ke rataye a kan gadonsa. Tun yana saurayi gwamnati ta tura shi kwas ƙasar waje, abokansa suka dawo da rediyo da agoguna, shi kuwa ya dawo da duwatsu. Ɓawon wasu halittun teku ne da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse, yana kiransu birakiyofod. A cikin jakar ya haɗa su da ƙumba, irin ɓawon nan na rafi da ake kankare tukunya da shi, don ya riƙa rikita ɗalibai.

Kausar ta sha wannan karatun tun tana rarrafe. "Kalli da kyau, 'yar Baba," yakan ce mata. "Ƙumba ɓawonta biyu tagwaye ne, dama da hagu. Wannan kuwa sama da ƙasa ne, kuma ɗaya ya fi ɗaya girma. Kin ga wannan 'yar hudar a bakinsa? Ta nan jijiya ke fitowa ta kama dutse a ƙasan teku, ya zauna a wurin har ya mutu, yana tace abincinsa daga ruwa da wani naɗaɗɗen hannu mai gashi-gashi. Kama suka yi da ƙumba, amma ko kusa ba dangi ba ne."

Yanzu kullum da hantsi takan juye masa jakar a tabarma. Da hannun nan ɗaya zai ware ƙumba gefe, ya dawo kan duwatsun ya raba su gida biyu, masu haƙoran da ke sarƙe ɓawon da marasa su. Bai taɓa kuskure ba, ko sau ɗaya. Idan ya gama sai ya ɗago ya dube ta, rabin bakinsa ya yi murmushi.

To, akwai Abdulrahman, wanta, mai gidan kaji a hanyar Funtua, mai fararen kaya da taushin murya. Ya daɗe da ƙyalla ido a kan gonar uban da ke garin Ƙarfi, yana so a sayar ya ƙara ɗakunan kaji. Malam yana da lafiya ya ce masa a'a, ya kuma faɗa. Da ya kwanta, sai Abdulrahman ya shiga bin dangi gida-gida, har da 'yar ƙwallarsa, wai Baba ya zauce, ba ya gane kowa. Aka sa ranar Juma'a manya su zo su gani da idonsu. In sun yarda hankali ya gushe, Abdulrahman ne wakili, gona ta tafi, Malam kuma a mayar da shi ɗakin baya.

Kausar ba ta iya haɗiye magana ba, abin da ya cuce ta ke nan. Ana gobe taron suka haɗu a zaure, ta ce masa, "Wallahi Yaya, gobe za ka ji kunya. A gaban Baffa zan juye jakar nan, kowa ya ga ko mahaukaci na iya abin da Baba ke yi."

"Allah ya kai mu," in ji shi, har da murmushi.

Ranar Juma'ar ba ta juye masa jakar da hantsi ba, ta bari sai manya sun zo. Bayan an sauko daga masallaci ɗaki ya cika. Ga Baffa Maitama, ƙanen Malam, ga Gwaggo Hansai, ƙanwarsu, da ta taso tun daga Maska. Kausar ta jingina uban da matashi, ta gyara masa hula, ta yi wa manya bayani: za su ga ya ware masu huda daga marasa huda, in suna so Baffa ya cakuɗa da hannunsa a sake. Ta sauko da jakar. Ta ji nauyinta ba kamar kullum ba, amma zumuɗi bai bar ta ta tsaya ba. Ta juye.

Babu dutse ko ɗaya. Ƙumba ce zalla, fara fat, irin wadda ake kawowa buhu-buhu daga kudu ana niƙawa a abincin kaji masu ƙwai. An zauna an tsinto masu kyan ciki, an cika jakar.

"Ba su ba ne!" ta ce da ƙarfi. "Baffa, an canza su!"

Baffa Maitama ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. "Ke, ba ɓawo kika ce ba? To wannan mene ne, gyaɗa?"

"Na Baba duwatsu ne, masu huda."

"Ni dai tun ina yaro su nake gani a jakar nan," in ji Abdulrahman a hankali. "Kausar, gajiyar jinya ce. Allah ya saka miki."

Malam Almustapha bai jira kowa ba, ya miƙa hannu. Ya ɗauki ɗaya, ya kai kusa da ido yana neman hudar, ya ajiye. Ya ɗauki wata, ya ajiye a wuri guda. Haka ya yi ta yi har ya tara su duka tuli ɗaya, don gaskiyar ke nan, duk jinsi ɗaya ne. Sannan ya shiga shafa tabarma yana lalube, ya zura hannu cikin jakar, ya zazzage ta. Kausar ta ji kamar zuciyarta za ta tsage. Amsa ce daidai ya ba su, amma babu mai iya karanta ta a ɗakin sai ita da wanda ya shirya abin.

"Wayyo Yaya," in ji Gwaggo Hansai tana share ido da gefen mayafi. "Wasan yara yake yi."

Abdulrahman ya taso ya durƙusa kusa da uban, ya ciro hankici mai ƙamshi yana goge masa yawu. Baffa ya gyaɗa kai, ya sa masa albarka. A nan ne Abdulrahman ya kai bakinsa kunnen uban, ya yi ƙasa da murya yadda Kausar kaɗai ta tsinta.

"Baba, jiya aka niƙa su. Kaji sun gode."

Wata irin ƙara ta fito daga maƙogwaron Malam, wadda Kausar ba ta taɓa jin irinta a bakin ɗan Adam ba. Ya damƙi ƙumba cike da hannu ya wurga. Abdulrahman ya riga ya kauce, tun da ya san abin da ke tafe. Ƙumbar ta sami Baffa Maitama a fuska, ɗaya ta tsaga masa gira, jini ya zubo kan farar riga.

"Innalillahi! Abin har ya kai duka?" in ji Baffa.

"Baffa, ka ji abin da ya faɗa masa kuwa?" Kausar na kuka tana nuna wanta. "Cewa ya yi..."

"Rufe mana baki! Yaron da ke goge masa yawu za ki yi wa sharri? Mun gani, ya isa." Baffa ya dafe girar, ya juya wajen Abdulrahman. "Kai ne babba, ka kula da gona da komai. A gyara ɗakin baya. Hannun nan kuma a ɗaure shi a jikin gado kafin ya tsone wa wani ido."

Abdulrahman ya sunkuyar da kai. "Ni ba zan iya ɗaure mahaifina ba, Baffa. Kausar ce ya saba da hannunta."

Gwaggo ta kwance ɗankwalinta ta miƙa mata. Kausar ta ƙi karɓa, Baffa ya daka mata tsawa, ya ce in ba ta yi ba zai kira matasan unguwa su yi da igiyar akuya. Ta karɓa, ta durƙusa gaban uban, ta kasa ko kallonsa.

Malam Almustapha ya ɗago kai. Ya dubi ƙanensa, ya dubi ɗankwalin, ya dubi 'yarsa. Sannan a hankali ya ɗaga hannun hagun da kansa, ya ɗora shi a kan ƙarfen gado, ya gyara wuyan hannun yadda ɗaurin ba zai ba ta wahala ba.