Gurbin Yatsa Biyu a Kan Shinkafa

A wajenmu, nan bakin kogin Martapura, ba a miƙa maka shinkafa ka ce ka ƙoshi ka sa kai ka fita. Ko wuta ce ta kama gidanka, sai ka dangwala yatsa a kanta ka kai leɓe tukuna. Wanda ya ƙi, kapuhunan na jiransa a hanya: ko maciji, ko kifewar kwalekwale, ko wani tsautsayin da ba a zata ba. Da wannan aka raine ni, da shi na raini 'yata Rusmini, wadda nake kira Aluh, kuma da shi yarinyar nan ta yi wata huɗu tana kashe kanta da yunwa a gaban idona.

Sunana Masnah. Wainar shinkafa da madarar kwakwa nake sayarwa a kasuwar kan ruwa. Jiki kam Allah ya ba ni, baki ma haka, kuma bakin ne ya ja mini. A wani bikin maƙwabta muna zaune wajen girki, Rusmini ta ɗauko farantinta, sai ƙanwar babanta, Acil Jumantan, ta mintsini damtsenta.

"Masnah, me kike ɗura wa wannan? Kwalekwalenku bai fara shan ruwa ba?"

Maimakon in kwaɓe ta, sai na ce, "Ai shi ya sa nake zaunar da ita a tsakiya. Ta matsa gefe ɗaya, sai a tsince mu a teku."

Mata suka kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Rusmini, 'yar shekara sha shida, ita ma ta yi murmushi. Ta ajiye farantin ta ce za ta ɗebo ruwa.

Tun daga ranar, in na zuba mata shinkafa da gasasshen kifin haruan, sai ta dangwala yatsa ta kai baki. "Na taɓa, Uma. Na makara, zan ci a makaranta." Da yamma ta ce ta ci a gidan ƙawarta. Ni kuwa sakarai, hankalina kwance, tunda ta taɓa ai ba abin da zai same ta. Babanta yana aikin jirgin ruwa, sai wata-wata muke ganinsa. Da kayanta suka fara yi mata yawa ma, Acil Jumantan cewa ta yi, "Ka ga budurwa! Yanzu kika yi kyau."

Wata rana da azahar na dawo daga kasuwa, rana tsaka, ko'ina fayau. Na ɗaga murfin da nake rufe abinci da shi. Farantin Rusmini na nan yadda ta bar shi, da gurbin yatsarta a kan shinkafar. Amma kusa da shi akwai wani gurbin, ya fi nata zurfi, cike da ruwa ja-ja mai laka. Na sunkuya na shinshina, warin kogi ne. Na ce ko rufi ne ke yoyo, na leƙa waje, ko gajimare babu a sama. Na tura wa kyanwarmu farantin, kyanwar da ke satar kifi daga kan wuta, sai gashinta ya miƙe, ta ja da baya.

Washegari haka. Ranar da ta biyo ma haka. A rana ta huɗu na ga jiƙa a kan katakon daɓe, tun daga matakalar baya da ke sauka cikin kogi har zuwa inda Rusmini ke zama. Ba sawu ba ne sosai, ɗigon ruwa ne kamar na wanda ya fito wanka bai goge jiki ba. Na karanta duk abin da ya zo bakina, na goge wurin, ban faɗa wa kowa ba. Na ji tsoro ƙwarai, don zuciyata ta riga ta ba ni sunan mai yatsan.

Ina da ƙanwa, Bulkis. Shekara ashirin da biyu da rasuwarta. Yarinya ce mai kumatu, mai son ƙanzon shinkafa, ni na laƙaba mata suna Randa har unguwa ta ɗauka. Wata safiya ta shiga kwalekwale ta tafi, aka same ta a ruwan da bai wuce ƙugu ba, ita da ke ninƙaya kamar kifi. Mahaifiyarmu ta ce ta fita ba ta taɓa shinkafa ba, kapuhunan ne. Kowa ya gyaɗa kai, don wannan ya fi sauƙin haɗiya. Amma ni na wanke farantinta ranar, gurbin yatsarta na kai. Ni kuma na riƙe buta da ake mata wankan gawa, na ƙirga haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya. Jiri ne ya kwashe ta, na yunwa. Na sani, na ja bakina na yi shiru.

Safiyar rana ta biyar hazo ya rufe kogi, ko gidan da ke tsallake ba a gani. Na zuba shinkafa. Rusmini ta dangwala, ta kai leɓe, ta ɗauki jakarta da filafili ta nufi matakalar baya. Ina kallonta daga madafa. A nan na gan ta da idon gaske: wuyan hannu kamar sillen kara, tafiya tana dafa bango. Ta sauka taki biyu ta tsaya, tana tangaɗi, sai na ji ta ce a hankali, "Don Allah matsa in wuce."

Ba kowa a matakalar.

Ban san lokacin da na isa ba. Na damƙe hannunta, na fizge filafilin na yi jifa da shi cikin ɗaki.

"Da wa kike magana?"

"Ba kowa, Uma."

"Ke, Aluh! Ni na haife ki. Da wa?"

Ta kalli ruwa. "Wata ce ke zama a takin ƙarshe. Siririya, gashinta a jiƙe. Ba ta magana. Kullum in na taɓa abinci na taso, sai ta dinga girgiza mini kai. Yau kuma ta ƙi matsawa."

Bulkis ce. Kwana huɗu ina zaton zuwa ta yi ta ɗauke mini 'ya, ashe tare hanya take yi.

Na ja Rusmini zuwa tabarma. Na ɗauko faranti uku, na zuba shinkafa a kowanne, na ƙara wa na ukun ƙanzo a gefe, na ajiye shi ta wajen matakala. Sannan na faɗa mata labarin Bulkis kaf, har da sunan Randa da wanda ya raɗa shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Na yi wa ƙanwata, na zo na maimaita a kanki a gaban mata, ina washe baki. Ban kyauta ba, Aluh. Jikinki ba abin dariya ba ne, ba a kuma taɓa yin ranar da ya yi wa kwalekwalena nauyi ba. Ki yafe mini."

Ta fashe da kuka. "Uma, ba wai ba na so ba ne. Da na kai loma baki sai in ji dariyar nan. Tsoro nake ji."

Halina ne in yi tsawa in ce ci ko in ɗura miki. Na haɗiye shi. Na ce, "To ba sauri. Yau ba kasuwa, ba makaranta. Ina nan."

Na fara cin nawa a zaune, ni da kullum a tsaye nake jefa loma ina aiki. Waina ta huce a kwando, hazo ya washe, masu kwalekwale suna wucewa suna kiran sunana, ban amsa ba. Sai da rana ta ɗaga sosai Rusmini ta gama loma uku. Uku kacal, tana yi tana hawaye, amma ta haɗiye su.

Daga nan na rufe farantin na uku, na sa ta a kwalekwale na tuƙa mu zuwa asibitin unguwa. Likitar, wata mace mai haƙuri, ta ce ciwo ne sananne, yana da magani, amma ba na kwana ɗaya ba ne, kuma ba Rusmini kaɗai za ta riƙa gani ba, har da ni. Har yau muna zuwa. A hanyar dawowa muka yi kiciɓis da Acil Jumantan a gada, ta buɗe baki za ta yaba ramar yarinyar. Na ce, "Jumantan, daga yau wanda ya ƙara auna jikin 'yata da baki, kada ya tako mini gida." Na tuƙa na wuce.

Da la'asar muka iso. Rusmini ta kwanta. Katakon daɓe a bushe yake ƙayau, tun daga matakala har tabarma. Na tsaya a kan murfin nan na daɗe kafin in iya ɗaga shi.

Babu gurbin yatsa ɗaya a kan shinkafar. Shaidar yatsu huɗu ce, an ɗebi loma cikakkiya daga gefen da na sa ƙanzo.

Na zauna daɓas a ƙasa. Na jawo tukunya kusa, na ce, "Ƙara, Bulkis. Akwai saura da yawa."